DARASIN NOMA: SASSABEN SAURA, KWANA NAWA ZAI CI?



Darasinmu na wannan karo a kan tambaya ɗaya ne, wadda ake yawan yi a taron ƙungiyoyi a ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma: idan gona ta daɗe ba a noma ta ba har ta zama sunƙuru, kwana nawa za a yi kafin a mai da ita gona?

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. Musamman daga 2019, ɓarayin daji da ke fitowa ta wajen dajin Rugu sun hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa da gari, a Safana, Batsari, Ɗanmusa, har da yammacin Kurfi da Dutsin-Ma. Wata gonar ta yi damina biyu ba a taɓa ta ba, wata ta yi biyar ko fiye. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi, har da Kurfi. Ko wuri ya kwanta ko bai kwanta ba, mutanen wurin ne suka sani, kuma ba mu ce wa kowa ya sa ransa cikin hatsari saboda gona ba. Amma inda aka ga dama ta samu, sai a tarar da wata matsala tana jira: gonar da aka bari ba ita aka samu ba.

Wanda ya ce muku "eka ɗaya kwana kaza ce" ba tare da ya taka gonar ba, kada ku ɗauki maganarsa. Eka biyu suna iya zama maƙwabta, ɗaya mutum guda ya share ta cikin mako, ɗayar kuwa ta cinye masa wata biyu. Abin da muke so kowace ƙungiya ta koya shi ne yadda za ta auna aikin da kanta, tun kafin ta karɓi rance, ko ta sayi iri, ko ta yi jinga da 'yan ƙwadago.

ABIN DA KE CIKIN GONAR

Da fari a duba shekarun da gonar ta yi a kwance.

Saurar shekara ɗaya ko biyu yawanci ciyawa ce: ƙyasuwa, ƙarangiya, harƙiya, tafasa, da ɗan tohon sabara wanda bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Wannan shara ce irin wadda muka saba, sai dai ta fi kauri. Adda, masassabi da manjagara sun isa.

Daga shekara uku zuwa biyar labari ya sake. Sabara da kalgo da geza sun kai tsayin mutum ko sun wuce, gamba ta kafa gindi, magarya da ɗunɗu sun baza ƙaya. Ƙaya ita ce babbar mai cin lokaci, gama ba a rungumarta a kai gefe kamar sabara. Sai an ja da sanda mai ƙugiya, reshe ɗaya bayan ɗaya. A nan ne gatari yake shiga aiki.

Idan ta wuce haka, to, ba saura ba ce kuma, ƙaramin daji ne. Akwai itatuwan da kaurinsu ya kai cinya, akwai darbejiya da tsuntsaye suka shuka, akwai gidajen gara, wataƙila ruwa ya yanka zaizaya a tsakiya.

Mu lura da abu ɗaya wanda mutane sukan manta. Sabarar da muke gani ta yi tsawo cikin shekara uku ba daga iri ta fito ba. Kututturenta yana nan a ƙasa tun zamanin iyayenmu. Kowace bazara muna sare kansa, kowace shekara yana sake toho. Saiwarsa ta riga ta yi zurfi, shi ya sa da zarar an daina sara sai ya tashi da sauri. Watau abin da ke sama aikin kwanaki ne, abin da ke ƙasa kuwa aikin shekaru ne. Yawancin rigimar da ake yi da 'yan jinga daga nan take tasowa: mai gona yana nufin har da tonon kututture, ɗan jinga kuwa sara kawai ya yi wa kuɗi.

Gonar fadama kuma daban take. A bakin Karaɗuwa da kewayen madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a 1983, abin da ya fi wahalar da manomi ba itace ba ne. Tofa ce, da ƙiri-ƙiri da aya-aya, masu yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa. Za a iya sare su a yini ɗaya wuri ya yi fes, bayan mako biyu su dawo kamar ba a taɓa ba. Idan aka yanyanka saiwarsu da garma aka bar ta cikin danshi, kowane guntu sabon tsiro ne.

YADDA ZA MU AUNA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga hanya mai sauƙi wadda ba ta bukatar komai sai ƙafa, agogo da takarda.

Eka ɗaya kusan taku 70 ce a tsawo, taku 70 a faɗi, idan babban mutum ya buɗe ƙafa sosai. Hekta ɗaya kuwa kusan eka biyu da rabi ce. A auna ɗan fili mai taku 10 a tsawo, taku 10 a faɗi, a kafa turaku huɗu. Irin wannan fili guda 49 ne ke cikin eka. Mu ce 50 domin lissafi ya yi sauƙi.

Kada a auna wuri ɗaya kawai, gama ido yakan ja mutum zuwa inda ya fi sauƙi. A zaɓi uku: inda ya fi duhu, inda ya fi sarari, da matsakaici. Mutum ɗaya ya share kowanne da irin saurin da zai iya riƙewa har azahar, ba saurin nuna bajinta ba. Wani ya riƙe agogo. A haɗa lokutan uku a raba uku, sa'an nan a ninka sau 50.

Ga misali, kuma misali ne kawai, ba ma'aunin gonarku ba. Idan fili ɗaya ya ci rabin awa, eka za ta ci awa 25. A cikin zafin Maris da Afrilu, mutumin da ya fita da asuba da wuya ya yi aikin sara na gaskiya fiye da awa 5 a yini. Ke nan kwana 5. Idan fili ɗaya ya ci awa ɗaya da rabi, eka za ta ci awa 75, watau kwana 15. A kan wannan sai a ƙara kashi ɗaya cikin uku, domin tara abin da aka sare, wasa adda, gyaran ƙota, da ranar da jiki ya ƙi. Kwana 5 ya zama kusan 7, kwana 15 ya zama 20.

Ba a gama ba. A cikin filayen gwajin nan a ƙirga kututture. A tone guda biyu ko uku da diga da gatari, a duba agogo. Mu ce an sami 4 a kowane fili: eka tana da 200. Idan kowanne ya ci rabin awa, awa 100 ke nan, kwana 20 cur, ban da na sara. Ga shi aikin ya ninka.

Yanzu mu kawo shi kan gonar ƙungiya. A ce eka 5 ce, 'yan ƙungiya 10 ne, kuma kowa yana da tasa gonar da iyalinsa, don haka kwana biyu kaɗai za a iya bayarwa a mako. Aikin yini 20 ke nan a kowane mako. Sara kaɗai yini 100 ne, mako 5. Da tonon kututture yini 200 ne, mako 10. Idan aka fara a tsakiyar Afrilu, kamar yadda aka saba fara sharar gona, ba za a gama ba sai ƙarshen Yuni. A lokacin kuwa, a yawancin shekaru, maƙwabta sun riga sun yi shuka, suna kan noman fari, kuma babu ɗan ƙungiyar da zai bar geronsa cikin ciyawa ya zo tonon kututture. Daminarmu wata huɗu ce ko da ɗan ɗoriya. Ƙungiyar da ta karɓi rancen iri da takin zamani na eka 5, ta iya shuka 2 kawai, bashin eka 5 za ta biya.

Gayya tana taimako, amma mu faɗi gaskiya a kanta. Mutum 30 a rana ɗaya suna iya kwantar da sabarar eka guda kafin la'asar, musamman in akwai kiɗa da fura. Sai dai gayya ta iya sara, ba ta iya tono ba. Samari sukan yi tsere, su sare itace a tsayin gwiwa su wuce, su bar tsinin da zai huda ƙafar mutum ko ta sa. Idan za a yi gayya, a sa dattijo ɗaya a bayan layi yana dubawa.

LOKACIN DA YA DACE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saurar da ta wuce shekara uku ba a fara ta a bazara.

Tonon kututture ya fi sauƙi daga ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba da Nuwamba, tun ƙasa tana da sauran danshi. Zuwa Fabrairu jar ƙasa ta zama kamar dutse, diga sai tsalle take yi. Mun sani wannan lokacin kaka ne, hannu bai isa ba. Duk da haka yini ɗaya a Nuwamba ya fi yini biyu a Afrilu. Sara kuwa a yi shi cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyi yake barin mutum ya daɗe yana aiki. Abin da aka sare yana bukatar makonni kafin ya bushe, kuma wannan jira shi ma yana cikin lissafi. A ware itacen girki, a ware sandunan rumbu da na danni, a kai ƙaya bakin iyaka ta zama shinge. Gamba kuwa kuɗi ce. A yanke ta domin zana kafin a taɓa komai.

Game da wuta, ra'ayinmu a fili yake. Cinna wa sunƙuru wuta gaba ɗaya shi ne hanya mafi sauri, shi ne kuma mafi tsada. Shekarun da gona ta yi a kwance ba asara ce duka ba: ganye ya zuba ya ruɓe, ƙasa ta huta. Wannan shi ne ɗan ribar da wahalar shekarun nan ta bar mana, wuta kuwa tana cinye shi cikin awa guda, iskar bazara ta kwashe tokar. Ba ta kuma kashe kututturen sabara. In ya zama dole a ƙone, a tara tsibi-tsibi a kan kututturen da ake so ya mutu, a share hanya kewaye da gonar, a sanar da maƙwabta, a kunna da yamma in iska ta kwanta, kada kuma a tafi gida sai ta mutu.

Maganin feshi mai bin jijiya, irin wanda ake kira gilaifoset, yana da amfani a kan tofa da ƙiri-ƙiri, amma sai ciyawar tana ɗanya tana girma. Fesa shi a kan busasshiyar ciyawa zubar da kuɗi ne. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga aikinsa, kuma in aka yi huɗa kafin nan an katse shi. Mai feshi ya rufe jikinsa da hancinsa, kada a wanke tulun feshi a rafi, kada a zuba ruwan sha a galan ɗin magani.

Kowa ya sa takalmi mai rufi. Sunƙuru gidan kasa ne da kububuwa, sun fi son ƙarƙashin tsibin da aka tara ya kwana biyu. A ɗaga tsibi da sanda, ba da hannu ba. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaga wurin, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

KATAFILA FA?

A kowane taro akwai mai cewa a haɗa kuɗi a ɗauko katafila a huta. Gaskiya ne tana iya yin aikin wata guda a yini ɗaya. Amma a yi tunani. Wuƙarta ba ta bambanta kututture da ƙasar sama, wadda ita ce abincin shuka. Duka take turawa gefe. A ƙasarmu mai yashi wannan ƙasar ba ta da kauri. Masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan sun gwada hanyoyin share daji a ƙarshen shekarun 1970, suka ga filin da aka ture da inji aka kuma tone saiwoyinsa ya fi wanda aka share da hannu zaizayewa nesa ba kusa ba.

Ko masu kuɗi da injuna ma lissafin sassabe ya sha kayar da su. A 1947 gwamnatin Ingila ta fara wani babban shirin noman gyaɗa a Tanganyika, ƙasar da yanzu take cikin Tanzaniya. Sun yi niyyar share eka 150,000 a shekarar fari. Ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba, gama saiwoyi da taurin ƙasa sun yi ta lalata injuna. A 1951 aka watsar da shirin. A nan gida ma, shirin noman inji da aka fara a Mokwa a 1949 ya gamu da irin wannan wahala ta saiwa da kututture, kamfanin da ya kawo shi ya janye a 1954. Su ma abin da ke sama suka ƙirga.

Haka kuma mai tarakta ba zai yarda ya sa faifan garmarsa a gonar da ke da kututture ba, in kuwa ya yarda ya karye, ku za ku biya. Garmar shanu ma haka: bakinta yana karyewa, shanu suna jin ciwo a wuya in ta sarƙe.

SASSABEN ZAMANI

Akwai wata tambaya da ta kamata ta zo kafin ta kwana nawa: dole ne a cire duka?

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun amsa ta. A farkon shekarun 1980 gonakin wajen sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. Wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sarewa kowace bazara tohon kututture ne masu rai. Sai aka fara roƙon manoma su bar wasu su girma. A lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan da shirin abinci domin aiki. Da shirin ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, abin ya yaɗu daga gona zuwa gona. Daga baya masu bincike da hotunan sama sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 a Nijar sun sake samun itatuwa ta wannan hanya. A can ana kiransa sassaben zamani.

Yadda ake yi ba wuya. A zaɓi kututturen itacen da ake so. A cikin tohonsa a bar mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran. A datse rassan gefe har zuwa rabin tsayinsa, da adda mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage. A ɗaura ƙyalle ko a shafa alama domin masu gayya da masu neman itace su sani. Bayan 'yan watanni a dawo a sake datsewa. Ana iya farawa da kamar 15 zuwa 20 a eka, a warwatse.

Su mutanen Maraɗi sai da suka jira shekaru kafin tohonsu ya kai tsayin mutum. Mu kuwa saurarmu ta riga ta yi mana wannan jiran. Wanda ya sami ɗan gawo, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, ƙirya, marke ko aduwa ya tashi a gonarsa, ya sare shi domin gona ta yi kyan gani, ya yi wa kansa ɓarna. Gawo ma ba ya gasa da shuka, gama da damina yake zubar da ganye. Sabara da kalgo, waɗanda muke ɗauka abokan gaba, bincike a Senegal ya nuna saiwarsu tana jawo ruwa daga zurfi da dare, geron da ke kusa yana samun rabonsa, ganyensu kuma taki ne in aka sassare aka baza. Darbejiya dai a rage ta a tsakiyar gona, inuwarta tana da nauyi. Wurinta bakin iyaka.

Ku koma kan lissafinmu na eka 5. Idan aka bar zaɓaɓɓun itatuwa, aka sare sauran daidai da ƙasa ba tare da tono ba, aikin shekarar fari ya koma mako 5 maimakon 10. Sai a yi shuka da sungumi a tsakanin kututture, gero ko dawa da wake, a yi noma da fartanya kamar yadda kakanninmu suka yi sabuwar gona. Duk lokacin noma a sare sabon toho. Kututturen da ake sarewa a kai a kai yana raunana, wanda ya mutu kuwa gara tana taya mu cinye shi. Bayan kaka a tone eka ɗaya ko biyu, a fara da inda ake so garmar shanu ta shiga. Ta haka gonar tana ba da abinci tun daminar fari, amma ba za ta zama gonar garma gaba ɗaya ba sai a shekara ta uku ko ta huɗu. Wannan ita ce amsar da za a rubuta a littafin ƙungiya, kuma da ita za a auna yawan rancen da za a karɓa.

KAFIN A ƊAGA ADDA

Shekarun da suka rufe gona sun rufe iyaka ma. Kunyar iyaka ta baje, itacen da aka sani an sare, dattijon da ya san wurin wataƙila ya rasu ko ya yi ƙaura. A kira maƙwabta da mai unguwa a taka iyakar tare kafin a fara. A duba kuma ko burtali ya ratsa wurin, ko makiyaya sun saba bi ta ciki a shekarun da babu kowa. Gara a yi magana da rani da a yi ta bayan shuka ta fito. Wannan zirga-zirga tana iya cin mako biyu ko uku, a sa ta cikin lissafi.

Idan gonar aro ce ko haya, a kula ƙwarai. Tun da aikin na shekara uku ne ko huɗu, aron shekara ɗaya hasara ce ga ƙungiya: ku share, ku tone, mai gona ya karɓi abinsa a daidai lokacin da ta gyaru. A rubuta shekarun a takarda a gaban dagaci da shaidu, a rubuta wa ke da itacen da aka sare, wa kuma ke da itatuwan da aka bari. Haka da 'yan jinga: a faɗa a fili ko sara ne kaɗai, ko da tarawa, ko da tono, a nuna musu itatuwan da ke da alama, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai an zagaya gonar tare.

Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya mai saura ta aiki mutum uku da adda, diga da agogo, su auna filaye uku, su kawo wa magatakarda lissafin awoyi da yawan kututture, tare da sunayen itatuwan da suka ga sun cancanci a bari.